Ɗan Wani Ne A Garinmu

Na daɗe ina jin labarin da kuke ba junanku game da kakanku, wai shi ne ya tare mini hanyar karatu saboda ƙin boko, ya zauna a gaban baƙo daga Ikko ya kushe ni. Ban san wanda ya fara ɗinka wannan labari ba, ko da yake ina zargin gwaggonku Asabe, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba, abin da bai taɓa hana ta ba da shaida a kan komai ba. Rabin labarin gaskiya ne, shi ya sa ya ƙi mutuwa. To, bari in ba ku ɗaya rabin, tun da ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka zauna a ɗakin da aka yi abin.

'Yan shekaru kafin mulkin kai ne. Na gama makarantar Midil a Sakkwato, an tura ni Tsafe ina ƙaramin malami a elemantare, ina koya wa yara lissafi da tsafta, biyun duka ba tare da wata babbar nasara ba. Ɗakin ajinmu yana kallon hanyar jirgin ƙasa. In jirgi ya yi kuka zai gangara kudu, yara su ruga taga, ni in daka musu tsawa su koma mazauninsu, sannan in je in tsaya a tagar ni kaɗai har hayaƙin ya ɓace bayan duwatsu. A lokacin babu takardar da za ta shigo hannuna ban karance ta ba, har wadda aka ƙunso sabulu a ciki. Daga irin waɗannan takardu na gina wa kaina Ikko: teku, jiragen ruwa, da manyan ɗakuna inda mutane masu farar riga suke zaune suna yanke wa gyaɗar ubana farashi ba su taɓa ganin kunya ɗaya ta gona ba. Ba haushinsu nake ji ba. So nake in zauna a cikinsu in ga yadda ake yi.

Hedimastanmu ne ya kawo labarin. Akwai wata makaranta a Ikko da ake koyar da ilmin kasuwanci, tun daga riƙe lissafin kamfani da buga tafireta har zuwa dokokin shigo da kaya ta ruwa. Wanda duk ya fito daga cikinta, kujera ke jiransa. Daga ko'ina a ƙasar ake rububinta, kuma a wannan shekara an ware wa yankinmu gurbi guda, za a aiko mutum Gusau ya zaɓa. Hedimasta ya dube ni, ya ga abin da ke fuskata, ya ce,

"Kada ka ɓata takalminka tukuna. Je ka Gusau wurin Ajayi ya auna ka."

Mista Ajayi babban akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa da auduga, Bayarabe, Kirista, kuma tsohon ɗalibin wannan makaranta. Ya daɗe a Gusau har Hausarsa ta koma ta Zamfara. In ba ka ga tsagen fuskarsa ba sai ka rantse a Magami aka haife shi. Ranar Lahadi in ya taso daga coci yakan zauna a barandar gidansa a Sabon Gari, iyaye su riƙa kawo masa 'ya'yansu ya duba ko za su shiga makaranta kaza ko aiki kaza. Ba ya karɓar ko goro. Kuma ba ya cewa za ka ci ko za ka faɗi. Da harshen aikinsa yake yanke hukunci: wannan mai kyau ne, wannan da tsakuwa a ciki, wannan da sauran danshi, a koma a shanya shi sai baɗi. An ce bai cika yin kuskure ba, shi ya sa ake tsoronsa fiye da jarrabawar kanta.

Na je a kan kekena, da rigar da na goge da gawayi. Ya yi ta jefo mini lissafi da baki yana ɓare lemo da wuƙa, ina amsawa. Ya miƙo mini tsohuwar jarida na karanta da ƙarfi. Ya tambaye ni abin da zai sami farashin auduga in damina ta yi kyau a ko'ina, na ce zai faɗi, ya ce to don me manomi ke roƙon ruwa, na ce domin kowane manomi gonarsa yake roƙa wa, ba ta maƙwabcinsa ba. Ya yi dariya har ya ajiye wuƙar.

"To, ga awonka," in ji shi. "Lissafinka ba tsakuwa. Turancinka na littafi ne, kana magana kamar wanda ya mutu tun zamanin Sarauniya ta farko, amma su can suna son haka. Ba ka iya kallon babba cikin ido, wanga mu gyara shi. In da a Ikko kake, irinka sun cika ƙofa, da na ce ka koma ga allonka. Amma nan ku biyu ne za a duba da gaske, kai da wani yaron Bilbis, Garba. Ya fi ka baki, ka fi shi kai. In anka ɗora ku bisa sikeli yau, kai ka rinjaya. Kaɗan, amma ka rinjaya."

Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan "kaɗan" ba. Har na fara jin ƙanshin teku, wanda a lokacin nake zaton irin na kogin garinmu Bungudu ne da aka ƙara wa gishiri. Sai ya ce,

"Saura abu guda. Kai na nawa ne ga babanka?"

"Ni ne na fari."

Ya cire tabarau. Matarsa, Maman Tayo, wadda nake zaton hankalinta na kan tuyar ƙosai, ta ce "Kash!" daga can cikin madafa.

Ya bayyana mini. A shekarun baya an ɗauki yaran Arewa, karatu ya yi nisa sai iyaye su aiko a dawo da su, ko don gona, ko don an ji kewarsu. Gurbi ya tafi a banza. Saboda haka yanzu mai zaɓen ba ya tsayawa ga yaro kaɗai. Sai ya ga uban, ya ji daga bakinsa cewa yaron na kirki ne, kuma ya sallama shi har ya gama.

"Babanka ba zai iya ba," in ji Mista Ajayi. "Shekaruna nawa a garin ga, na san ku. Kana da baffa?"

Na ce ina da shi.

"Mai magana?"

Na ce dillalin shanu ne.

"Alhamdu lillahi," in ji Kirista. "Shi za ka kawo. Gare ku ƙanen uba uba ne. In na ce wa baƙo ga ubansa, ban yi ƙarya ba, ko a gaban fada. Da baffanka, gurbin ga naka ne. Da babanka, ban ba ka ko rabin rabo ba."

A nan dole in tsaya in yi muku bayani, ku da kuka tashi ana kiran sunayenku daga ƙofar gida har maƙwabta su gaji. A gidanmu na Bungudu, kamar sauran gidaje irinsa, ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma wanda ya fi riƙe ta shi ake gani cikakken mutum. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar ubana. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin ubana ba. In ya zama dole ya ambace ni, sai ya ce "wancan," bayan na fara aiki kuma na sami ƙarin girma na zama "mai makaranta." In yana da saƙo gare ni ina tsaye a gabansa, sai ya faɗa wa Kaka, in ba ta nan ya faɗa wa ƙanena, in babu kowa ya faɗa wa garu. Na sha karɓar umarni ta hannun akuya. Keken da na hau zuwa Gusau ma, cewa aka yi Kaka ce ta saya mini, tsohuwar da ba ta san gabansa daga bayansa ba. Ban taɓa ganin abin a matsayin zalunci ba, haka na tarar da duniya. Amma akwai wani wuri a ƙirjina da ya zauna fanko, kamar ɗakin da aka share wa baƙon da bai iso ba.

A kan hanyar komawa ne tunanin ya shige ni, kuma ya ƙi fita. Ga ɗaki, ga baƙo mai iko daga nesa wanda bai san kunyarmu ba, zai dubi ubana ya tambaye shi kai tsaye: wane irin yaro ne ɗanka? Ba garu, ba akuya. Dole ya amsa. A duk rayuwata ba za a sake shirya irin wannan ɗaki ba.

Da na kai labari gida, an gama girbi, tsakar gida cike da dammunan gero. Baffa Ɗanjuma bai jira an roƙe shi ba. Ya miƙe ya gyara hula ya kama ni a kafaɗa yana juya ni kamar bijimi ranar kasuwa.

"Bature, dubi nan! Dubi ƙirji! Wanga tun yana ciki yake lissafi. Bai taɓa ciwo ba, bai taɓa ƙarya ba, ci kaɗan, aiki da yawa!"

"Ka buɗe mishi baki ya ga haƙora," in ji Kaka, tana tsinke zogale. "Kai Ɗanjuma, in ka sayar mini da miji ga mutanen Ikko, kai za ka riƙa ɗebo mini ruwa?"

"Tsohuwa, mijin ga naki in ya dawo, famfo zai kawo miki har ɗaka."

"Ya dawo da wata mai jan baki dai. Ni na san maza."

Kowa na dariya, har Inna, wadda ita ma kunyar ta hana ta kallon inda nake, na ga kafaɗarta na motsi a bakin turmi. Sai na ce, da murya wadda ni kaina ban gane ta ba,

"Kaka, ni Baba nake so ya je."

Taɓarya ta tsaya. Baffa ya sake ni.

"Kai yaro, ka san yayana kuwa? Mutumen da in anka yaba wa saniyarsa sai ya ce ramammiya ce?"

Kaka ta daɗe tana dubana. Ita ta goye ni, ba abin da ke cikina da ba ta sani ba.

"Angona," ta ce a hankali, "abin da kake nema ba a Gusau yake ba."

Na ce na ji, amma a faɗa masa. Ina so ku lura, ba a cikin duhu na yi wannan zaɓi ba. An auna mini, an faɗa mini nauyin kowane buhu, ni na ɗauki wanda na ɗauka. Da la'asar Kaka ta isar da saƙo ina tsugune a gefe. Ubana yana gyaran igiyar shanu, bai ɗago ba. Can ya ce wa igiyar,

"In an ce a zo, sai a zo."

Ranar zaɓen ya sa babbar rigarsa ta saƙi wadda sai Salla take fitowa, ya naɗa rawani. A wani ɗaki na makarantar gari aka zauna. Da Mista Ajayi ya hango wanda ke bayana, sai ya ja ni gefe.

"Malam ƙarami, ka sauya mini buhu bisa sikeli."

Na sunkuyar da kai. Ya dube ni, ya dubi tsohon, na ga ya gane. Sai ya ce, "Allah shi taimake mu."

Garba da ubansa suka fara shiga. Ta taga muna jin muryar uban, wani mai sayar da fata, yana ba da tarihin ɗansa tun daga ranar suna. Da aka kira mu, na tarar da baƙon wani dogon mutum ne baƙi, mai furfura da kwat, mutumin kirki ga alama, gajiya ce kawai ta yi masa yawa. Ya yi mini tambayoyi, na dube shi cikin ido kamar yadda aka koya mini, har idona ya yi ruwa. Na amsa duka. Ya yi murmushi, ya ce da Mista Ajayi a Turance, wannan ai shi ne. Na ji da kunnena. Sannan ya juya ga ubana, Mista Ajayi yana tafinta.

"Malam, wannan ɗanka ne?"

Ubana yana zaune a bakin kujera kamar wanda aka ɗora bisa ƙaya. Ya mai da fuskarsa wajen taga.

"Haka anka ce."

"Wane irin yaro ne? Faɗa mini halinsa."

Ina jin kukan jirgi daga tasha. Na saci kallonsa. Gumi na bin gefen rawaninsa, babban yatsan ƙafarsa yana ta murza siminti kamar zai huda shi. Leɓensa ya motsa, wallahi ya motsa, na ga ya ɗauko wani abu daga can ƙasa ya kawo shi har bakin haƙora. Ga ni zaune, ga Mista Ajayi wanda ya san kunyarmu, ga masinja a bakin ƙofa ɗan garinmu. Ya haɗiye.

"Yaro ne kamar yara. Ban san shi da wani abu ba."

Mista Ajayi ya ɗauki waɗannan 'yan kalmomi ya ɗinka musu riga da wando a Turance: wai dattijo ya ce yaron ba shi da wani aibi da aka sani, kuma yana da tawali'u irin na gidansu. Ni kaɗai ne a ɗakin nake shan azaba da harsuna biyu. Amma baƙon ya ga tsawon amsar, ya ga tsawon fassarar, ya kuma ga inda fuskar tsohon take kallo. Ya ce a tambaye shi ko ya yarda yaron ya tafi, ba zai aiko a dawo da shi ba.

"Ni ba ni da ta cewa a kansa," in ji ubana. "Na tsohuwa ne."

Gaskiya ya faɗa, tsantsarta, yadda aka koya masa. Mista Ajayi ya ajiye tafinta ya shiga roƙo. Ya yi bayanin ɗan fari, ya yi bayanin kunya, ya ce a ƙasar nan wannan shirun shi ne yabo. Baƙon ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya yarda, kuma abin ya burge shi. Amma bara ma an yi masa bayanin wata al'ada, yaron kuma bai kai ƙarshen shekara ba. Ya ce ba zai iya komawa ya ce wa shugaban makaranta ya kawo yaron da ubansa ya ce ba shi da iko da shi ba.

Kafin azahar an san Garba ne. Na je na yi masa murna, kuma ya cancanta. Ya yi karatunsa ya gama, ya riƙe manyan kujeru, har ya rasu muna zumunci. Duk sanda ya zo hutu sai in tsare shi in ce ya ba ni labarin teku, shi kuwa ya fi son ya ba ni labarin tsadar haya. Ni na koma Tsafe, ga allo ga taga. Shekarar da ta biyo baya ba a ba yankinmu gurbi ba, bayan nan aure ya zo, ku kuka zo. Ban ga Ikko ba sai da furfura ta fito mini. Na sa aka kai ni unguwar da makarantar take, na tarar ta tashi, ana sayar da tayoyi a wurin. Na tsaya a ƙofar duk da haka, ina neman tagar da da ta zama tawa. Mai tayoyin ya tambaye ni wace lamba nake so.

Amma na tsallake hanyar komawa gida, ita ce kuwa dalilin wannan rubutu.

Maman Tayo ta cusa mini burodi a aljihu. Muka hau bayan wata lori mai zuwa Sakkwato, bisa buhuna, ni a wannan gefe ubana a wancan, kamar yadda ya kamata. Ban yi fushi ba. Ji nake kamar an kwashe kayan cikina an bar fatar. Kusa da shi akwai wani mai fataucin goro, baƙo, daga ganin hularsa ba ɗan ƙasarmu ba ne, irin mutanen da shiru ke sa wa ƙaiƙayi. Ya miƙa wa ubana goro, ya nuna ni da haɓa.

"Malam, wancan saurayi mai fararen kaya, tare kuke?"

"Ɗan wani ne a garinmu," in ji ubana.

Na kawar da kai. Na ɗauka an gama. Sai na ji ya ci gaba, yana kallon gonakin da muke wucewa, da muryar da ban san yana da ita ba.

"Malamin makaranta ne. Yaron ga, tun bai kai tsawon sanda ba, in shanu sunka shigo da maraice, kallo guda zai yi ya ce wance ba ta dawo ba. Shekarar da kogi ya cika ya ci gari, shi ya goya kakarsa ya hau tudu da ita, ya koma ya ɗauko mata tukunyarta don ta yi kuka. Bai taɓa ɗaga murya ga babba ba. Sanda anka kai shi Midil, duk wanda ya zo daga Sakkwato sai ya ce shi ne na ɗaya. In yana karatu a zaure, ko ba ka jin abin da yake faɗi, sai ka rage tafiya. Yau ma Turanci ya yi da wani babban mutum na Ikko, bai yi tuntuɓe ko sau guda ba. Mutumen har murmushi ya yi. Ni na gani."

"Ikon Allah!" in ji mai goro. "To, an ɗauke shi?"

"Ba a ɗauke shi ba."

"Don mi?"

Lori ta faɗa rami ta fito. Ubana ya gyara rawaninsa.

"Ubansa ne. Wani bagidaje ne, bai iya magana ba."

Mai goro ya yi tsaki, ya ce iyaye irin waɗannan su ke kashe 'ya'ya. Ubana ya ce ƙwarai kuwa. Ni ina kallon hanya tana gudu a bayanmu, ba na ganinta sosai. Duk shekarun nan ashe yana tsaye a wani wuri yana kallo, yana tarawa. Shaidar da na jefar da Ikko don in ji, an ba da ita cikakkiya, a ranar da aka nema, sai dai ga wani baƙon daban.

Mun fara hango itatuwan bakin kogin Bungudu sai mai goro ya ce,

"Mi ne sunansa, in sa shi a addu'a?"

Na sake ganin leɓen nan ya motsa.

"Tambaye shi," in ji kakanku. "Yana da baki."

Mutumin ya juyo ya tambaye ni. Na faɗa masa, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, har yaron mota ya waiwayo. Ubana bai dube ni ba. Yana kallon ruwa. Amma na ga ya gyaɗa kai sau ɗaya, a hankali, kamar mai tabbatar da cewa an faɗe shi daidai.